Daga ɗan wasa zuwa koci: yadda na bi hanyar ƙwallon kwando a kwalejojin Amurka

Samarin da ke buga ƙwallon kwando a Zariya da Kano da Kaduna sukan aiko mini da saƙo, kuma tambayar kusan guda ce: yaya aka yi ka tafi, yaya aka yi ka zama koci? Wasu har da bidiyon yadda suke tsalle suna danna ƙwallo a kwando. Bidiyon yana burge ni, amma abin da nake fara tambayar yaro shi ne ina takardunsa na makaranta, tun daga aji uku na ƙaramar sakandare. A nan galibi hirar ke yin sanyi. Shi ya sa na ga gara in rubuta yadda tafiyar ta kasance, ofis bayan ofis. A wannan hanya tsayi da iya wasa su ke sa a dube ka, amma takarda ce ke sa a buɗe maka ƙofa, tun kana ɗan wasa har ranar da za a rataya maka usur.

A Zariya na taso, garin da wannan wasa ya daɗe da kafuwa saboda Jami'ar Ahmadu Bello da koci Oliver Johnson, Ba'amurken nan da kowa ke kira OBJ, wanda ya shafe shekaru masu yawa yana rainon 'yan wasa a Samaru. Duk yaron da ke zuwa fili ya san labarin Masai Ujiri, wanda ya tashi a garin, ya tafi wata kwaleji mai shekara biyu a Bismarck ta jihar Dakota ta Arewa, daga baya ya fara aikin farautar 'yan wasa wa ƙungiyar Orlando Magic ba tare da albashi ba, har ya kai ga jagorantar Toronto Raptors ta ci kofin NBA a 2019. Saboda haka hanyar ƙaramar kwaleji ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Ni ma ta nan na bi. Bayan wani sansanin horo na lokacin hutu, bidiyona ya kai hannun kocin wata kwaleji mai shekara biyu a jihar Kansas, ya rubuto cewa yana da gurbi. Da na kai wa Baba maganar, sai ya ce: "In karatu ne a gaba, ƙwallo na bin sa a baya, Allah ya sa albarka. In kuwa ƙwallon ce kawai, akwai fili a nan."

Kafin a ci gaba, ya kamata a gane tsarin, domin nan mutane suka fi ruɗewa. Hukumar NCAA ce ke kula da wasannin mafi yawan jami'o'i masu shekara huɗu, kuma ta kasa su rukuni uku. Rukuni na ɗaya shi ne wanda ake gani a talabijin, mai ƙungiyoyin maza sama da 350 da babbar gasar watan Maris. Rukuni na biyu yana da makarantu kusan 300, kuma tallafin karatun da aka yarda ƙungiya ta bayar bai wuce na mutum 10 ba, sai koci ya gutsuttsura shi ga 'yan wasan da suka fi haka yawa. Rukuni na uku ba ya ba da tallafi don wasa ko kaɗan. Kwalejoji masu shekara biyu kuwa mafi yawansu suna ƙarƙashin wata hukuma daban, NJCAA. Akwai kuma NAIA ta ƙananan jami'o'i. Kowace da dokokinta, kuma ba wadda ke karɓar uzurin "ban sani ba".

Ofis na farko da ya ba ni wahala ba a Amurka yake ba, a tsohuwar makarantarmu yake. Ana buƙatar sakamakon kowane zango tun daga aji uku na ƙaramar sakandare har aji uku na babba, da hatimin makaranta da sa hannun shugaba, ban da sakamakon WAEC ko NECO da lambar katin da za su duba shi da kansu a intanet. Na yi ta sintiri, yau a ce mai riƙe da makullin ɗakin ajiya bai zo ba, gobe a ce fayil ɗin shekara kaza ruwa ya taɓa shi. Sai da wani tsohon malaminmu ya tsaya da kansa aka tattaro su daga kundin malaman aji. Ban manta alherinsa ba. A wannan mataki ne kuma ake kama bambancin suna da shekaru. Wani abokina an rubuta sunansa da siga ɗaya a fasfo, wata siga a takardar WAEC, ranar haihuwa kuma ta sha bamban da ta takardar haihuwa. Kafin ya gama rantsuwa a kotu da gyare-gyare, an ba wani gurbinsa. Masu rage wa yara shekaru suna ganin gata suke yi musu. Ni dai abin da na gani shi ne suna kashe musu hanya.

Duk da cewa kwalejin da zan je ba ta ƙarƙashin NCAA, kocin ya ce in yi rajista da cibiyar tantance cancanta ta hukumar da ke Indianapolis tun da wuri, domin zan buƙace ta bayan shekara biyu. Su kan tambayi kowace ƙungiya da ka taɓa buga wa wasa, ko an biya ka, ko ka sa hannu a kwantiragi, ko kana da dillali. Akwai kuma dokar da 'yan wasanmu ba su cika sani ba: bayan ka gama sakandare shekara guda ake ɗaga maka. In ka wuce ta kana buga gasa mai tsari, ko da ta cikin gida ce, za a iya zabtare maka kakar wasa daga cikin huɗun da kake da su. Yaron da ya gama WAEC ya yi shekara uku yana buga wa kulob yana jiran sa'a, yana cin jarinsa ne bai sani ba.

Da makarantar ta karɓe ni, sai ta aiko da takardar I-20, wadda da ita ake neman bizar ɗalibi. A jikinta an rubuta kuɗin shekara gaba ɗaya, da abin da tallafi ya ɗauke, da ragowar da dole wani ya nuna zai biya. Kawuna ne ya tsaya mini, ya ba da bayanin asusunsa na banki da wasiƙar ɗaukar nauyi. A 2013 da na yi nawa, kuɗin rajistar SEVIS, wato kundin gwamnatin Amurka na ɗalibai baƙi, dala 200 ne, na biza kuma dala 160. Daga baya na farkon ya koma 350, na biyun 185. Na cike fom ɗin neman biza na DS-160 a intanet, na sami rana a ofishin jakadanci a Abuja, na kwana a gidan wani ɗan'uwa don in yi sammako. Gabana na faɗuwa tun a layi. Ganawar kanta 'yan mintoci ce: me za ka karanta, wa zai biya ragowar, me za ka yi in ka gama. Na yi maganar karatu kafin maganar ƙwallo, domin bizar ɗalibi ce, ba ta ɗan wasa ba. A lura, ba a shiga ƙasar sai ya rage kwana 30 ko ƙasa da haka a fara karatu, don haka kada a yi gaggawar sayen tikiti.

Da isata, wurin jami'in kula da ɗaliban ƙasashen waje na fara zuwa, wanda ake kira DSO. Wannan mutum ya fi koci muhimmanci ga zamanka a ƙasar, kuma duk shawarar da ta shafi aiki ko tafiya ko rage darasi, a wurinsa ake fara neman izini. Sai gwajin lafiya, da takardun rigakafi, da inshora. Da na koma makarantar NCAA an nemi sakamakon gwajin sikila, kuma ina son iyaye su kwantar da hankali: mai AS ba a hana shi wasa, ana dai so masu kula da lafiya su sani don su kiyaye shi lokacin atisaye mai tsanani. Abin da ya ba ni mamaki shi ne haraji. Ɓangaren tallafin da ya shafi ɗaki da abinci ana cire masa kashi 14 cikin 100 ga baƙon da ƙasarsa ba ta da yarjejeniyar haraji da Amurka, kuma Najeriya ba ta da ita. Sai ka ga an turo maka takardar bashi alhali kana ganin komai kyauta ne. A tanadi wani abu saboda wannan.

Shekara biyun Kansas sanyi ne da doguwar tafiya a bas da kewar gida. Masallacin Juma'a yana wani gari mai nisa, abincin halal sai an yi dabara. Dole kowane zango ka riƙe darussan da nauyinsu ya kai aƙalla kiredit 12, in ka faɗo ƙasa da haka ka rasa wasa kuma bizarka ta shiga haɗari. Abin da ya fi amfanata shi ne wata mai ba ɗalibai shawara da ta zaunar da ni ta ware darussan da jami'o'i za su karɓa in na koma can. Akwai darussa masu sauƙi da 'yan wasa ke rububi, amma ba sa bin ka zuwa ko'ina. Mai son rukuni na ɗaya yana buƙatar matsakaicin maki 2.5 cikin 4 a darussan da za a karɓa, mai son na biyu 2.2. A watan Maris ake gasar ƙasa ta waɗannan kwalejoji a garin Hutchinson, nan cikin Kansas, inda kociyoyin jami'o'i ke cika kujeru da littattafan rubutu a hannu. A 2015 na sa hannu da wata jami'a ta rukuni na biyu. Canjin bai buƙaci sabuwar rajistar SEVIS ba, tsohuwar makaranta ce ta mayar da bayanaina ga sabuwar, aka ba ni sabuwar I-20.

A shekarar ƙarshe na ji ciwo a gwiwa, na yi makonni a benci kusa da mataimakan koci. A nan na fara jin wasan da kunne: me ya sa aka canja tsaro, me ya sa aka fitar da wane, me aka gani a bidiyon abokan hamayya da ya sa ake tura ɗan wasansu hagu. Ya zama ina jiran taron nazarin bidiyo fiye da yadda nake jiran wasa. Na san ba zan kai NBA ba, kuma na ga yadda waɗanda suka tafi ƙananan ƙungiyoyin Turai ke yawo daga ƙasa zuwa ƙasa. Sai na sami babban kocinmu a ofis na ce: "Koci, ina son in koyi wannan aiki a hannunka." Ya dube ni ya ce in zo gobe da asuba in taya shi yanka bidiyo. Ban gane ba a lokacin cewa ganawar ɗaukar aiki ce ta fara, kuma ta ɗauki sauran kakar gaba ɗaya.

Ƙofar shiga wannan sana'a ga mafi yawan tsofaffin 'yan wasa ita ce matsayin da ake kira GA, wato ɗalibin digiri na biyu da ke taimaka wa koci. Makaranta ta yafe maka kuɗin karatu, ta ba ka ɗan alawus da da ƙyar yake kai haya da cefane. Amma amincewar koci ba ta isa ba. Sai sashen karatun gaba da digiri ya karɓe ka da kanka, da sakamakonka da wasiƙun malamai, sannan DSO ya fitar da sabuwar I-20 ta sabon mataki, sannan ka kai takardar ɗaukar aiki ofishin da ke ba da lambar tsaron zamantakewa, wadda ake nema wajen biyan albashi. Na ga 'yan wasan da suka fi ni suna da basira sun tsaya a nan, saboda sakamakon digirinsu na farko bai kai ba. Na zaɓi karanta harkar gudanar da wasanni, na fara a 2017.

Aikin GA kamar na yaron tela ne, wanda zai daɗe yana guga da ɗinka maɓalli kafin a bar shi ya taɓa almakashi. Wankin rigunan wasa, tsinto wa ɗan wasa ƙwallo da asuba yana jifa, leƙa azuzuwa a tabbatar yara sun shiga, tsaron zauren karatu da dare, yin odar abinci a hanya, tuƙa motar ƙungiya, wanda ya sa sai da na yi lasin tuƙi na jihar. Sannan bidiyo, wanda shi ne ainihin makarantar. Da manhajoji irin su Synergy da Hudl ake rarraba kowane hari da kowane tsaro, a rubuta rahoton abokan hamayya. Ranar da aka fara ba ni rahoto in gabatar wa 'yan wasa da bakina, hannuna na rawa, domin rabinsu abokan wasana ne a bara. Wannan sauyi yana da zafi. Wanda kuke cin abinci tare jiya, yau kai ne za ka kai rahoton bai shiga aji ba. Ga kuma dokar biza: ɗalibi ba ya wuce awa 20 na aiki a mako lokacin karatu. Aikin koci ba ya ƙarewa, don haka a zauna da koci da DSO tun farko a tsara shi a rubuce.

Akwai ofishin kula da bin doka a kowane sashen wasanni, kuma a nan na zauna jarrabawar dokokin ɗaukar 'yan wasa, wadda a lokacin sai ka ci ta ake barin ka ka fita neman yara. Na kuma yi kwas na agajin gaggawa da farfaɗo da zuciya, aka binciki tarihina kamar kowane ma'aikaci. Abin da ya fi yi mini nauyi shi ne dokar hana yi wa ɗan wasa alfarma. Mu da muka tashi a inda babba ke miƙa wa ƙaninsa na shan ruwa ba tare da tunani ba, sai ga shi ba ka da ikon ba yaro dala 20 ko ka ara masa mota, ko da ɗan garinku ne. Har yau wannan doka tana sosa mini rai in na ga yaro baƙo cikin ƙunci, amma karya ta na iya jawo wa yaron dakatarwa, don haka abin yi shi ne ka kai shi ofishin da ke da hurumin taimaka masa. Haka kuma sansanonin bazara na wasu jami'o'i, inda matasan kociyoyi ke samun ɗan kuɗi da sanayya: aiki ne a wajen makarantarka, sai an rubuta maka izinin aiki da ake kira CPT a jikin I-20 kafin ka fara, ba bayan ka fara ba.

Kasuwar aikin koci tana ci ne daga Maris zuwa Mayu, lokacin da ake sallama da ɗauka. Ƙungiyar kociyoyi ta NABC tana yin babban taronta a garin da ake wasannin ƙarshe na gasar ƙasa, kuma a Afrilun 2019 a Minneapolis aka yi, shekarar da Virginia ta doke Texas Tech. Mun haɗa kuɗi da wasu GA muka kama ɗaki guda. Harabar otal cike take da matasa masu riƙe da takardun neman aiki. Na raba nawa, amma aikin da na samu ya fito ne daga waya guda da kocinmu ya buga wa wani tsohon abokinsa. A wannan sana'a ba kasafai ake ɗaukar wanda ba a sami mai tsaya masa ba, kuma mai tsaya maka shi ne wanda ya ga yadda kake aiki lokacin da ba mai kallo.

Don yin aiki bayan karatu sai da izinin OPT, na wata 12. Ana iya nema tun kwana 90 kafin kammalawa, da fom ɗin I-765, kuma a lokacin dala 410 na biya. Ba a fara aiki sai katin ya iso hannu, kuma jiransa watanni ne, ga sabon maigida yana tambaya. Dole aikin ya dace da abin da ka karanta, kuma jimillar zaman banza kada ta wuce kwana 90. Masu digirin kimiyya da fasaha suna samun ƙarin wata 24, amma gudanar da wasanni ba ya cikin wannan jeri. Da wannan kati na koma wata ƙaramar kwaleji a matsayin mataimakin koci. Ina tsaka da lissafin mataki na gaba sai annobar korona ta zo. Ranar 12 ga Maris 2020 NCAA ta soke gasanninta, makarantu suka dakatar da ɗaukar ma'aikata, katina kuwa yana ta ƙarewa. Ban taɓa shiga damuwa irin ta wannan bazara ba.

Mafita ta zo daga wata jami'a ta rukuni na biyu da ke neman wanda zai haɗa aikin mataimakin koci da kula da karatun 'yan wasa. Haɗin ya taimaka, domin bizar aiki ta H-1B tana buƙatar a nuna cewa aikin sai mai digiri a fannin. Abin da yawancin kociyoyi ba su sani ba, kuma ni na kai musu bayanin, shi ne jami'o'i ba sa shiga cacar gurabe 85,000 da kamfanoni ke shiga kowace shekara, suna iya nema a kowane wata. Makaranta ce ke nema, ba kai ba: ta fara kai batun albashi ma'aikatar ƙwadago, sannan lauyanta ya shigar da fom ɗin I-129. Tsakanin ƙarewar OPT da fitowar amincewa ba ni da ikon yin aiki, kuma fita daga ƙasar a lokacin yana nufin ka janye neman sauyin matsayi. A wannan tsakanin aka ɗaura auren ƙanwata, ta waya na ji kiɗan. Hajiya ta ce: "Ka zauna ka gama abin da ya kai ka, mu muna nan." Bayan amincewar ta fito, da na zo gida sai da na sake zuwa Abuja aka buga sabuwar biza a fasfo kafin in koma.

Ga mai son bin wannan hanya, ya fara shirin zama koci tun yana sanye da rigar wasa: ya riƙe sakamakonsa, ya riƙa shiga ɗakin bidiyo, ya ajiye kowace I-20 da aka taɓa ba shi, domin lauya zai nemi dukkansu. Ya sani cewa OPT ana samunsa sau ɗaya a kowane matakin digiri, don haka akwai na bayan digiri na farko da na bayan na biyu. Iyaye kuma su sani, makarantar gaskiya ba ta karɓar kuɗi ta hannun dillali don ba da gurbi, kuma I-20 daga ofishin makaranta take fitowa. Abubuwa sun sauya tun bayan zamanina. Tun Yulin 2021 'yan wasa na iya samun kuɗi da sunansu da hotonsu, amma mai bizar ɗalibi kada ya sa hannu a komai sai ya ga DSO, domin ana iya ɗaukar sa a matsayin aiki ba izini. A 2023 NCAA ta daina neman jarrabawar shiga jami'a ta SAT don cancanta, ta kuma ƙara wa ƙungiyoyin rukuni na ɗaya guraben kociyoyi biyu. Dokokin biza kuwa sun ƙara tsauri a baya-bayan nan, a duba halin da ake ciki a shafin ofishin jakadanci kafin a kashe ko sisi.

Samun aikin kuma ba ya nufin an huta. Kwantiragin mataimaki galibi na shekara guda ne, kuma in aka sallami babban koci, mutanensa sukan bi shi. Abokin aikinka ɗan ƙasa zai iya zama ya jira kaka mai zuwa, kai kuwa mai H-1B kwana 60 kacal gare ka ka sami wata makarantar da za ta shigar maka da sabuwar takarda. Bizar kanta shekara uku ce, a sabunta zuwa shida, daga nan sai in makaranta ta fara nema maka izinin zama na dindindin. Wannan magana da ofishin ma'aikata ake yin ta, ba da koci ba, kuma ana fara ta tun ana sabunta bizar karo na farko, domin matakanta suna cin fiye da shekara.